“Na ɗauka babu harsashi a ciki”: lacca kan bindiga, kare kai da iyakar amfani da ƙarfi

Assalamu alaikum warahmatullah. Na can baya kuna jina? To, madalla. Mai na'ura, a ɗan rage, tana yi mana kuka a kunne.

Abubuwa huɗu na zo da su: yadda ake riƙe bindiga, yadda ake ajiye ta, abin da dokokin ƙasashe suka ce game da mallakarta, sai kuma lokacin da ya halatta mutum ya yi amfani da ƙarfi don kare kansa. An ba ni minti 40. Shugaba ya ce idan na wuce zai aiko mini da takarda, na ce a aiko, ai karatu na iya. (dariya)

Mu fara da riƙo. Akwai wani tsohon hafsan sojan Amurka, Jeff Cooper, wanda ya kafa makarantar koyon harbi a jihar Arizona a 1976. Shi ya dunƙule ƙa'idojin nan zuwa huɗu, kuma yau a wuraren koyon harbi da yawa su za a fara karanta maka. Ta ɗaya, kowace bindiga a ɗure take. Ta biyu, kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya hallakawa ba. Ta uku, yatsa ba ya hawa kunama sai ka saita abin harbi kuma ka yanke shawarar harbi. Ta huɗu, ka san abin da za ka harba, ka san abin da ke bayansa.

Hikimar jera su haka ita ce, kafin a kashe mutum bisa kuskure sai an karya aƙalla biyu a tare. Idan yatsanka ya zame amma bakin na kallon ƙasa, ƙasa ka harba. Idan bakin ya kalli ɗan'uwanka amma yatsa na waje, babu abin da zai fita.

Ta ɗayan nan nake so mu zauna a kanta, don ita ce mai cin mutane. Duk wanda ya harbi wani nasa a cikin ɗaki, magana ɗaya za ka ji daga bakinsa: “Wallahi na ɗauka babu harsashi a ciki.” Kuma ba ƙarya yake ba, haka ya ɗauka. Tambayar ita ce, me ya sa ya ɗauka?

Ku dubi fistol, ƙaramar bindigar hannu mai ɗura kanta. Wuri biyu harsashi yake zama a cikinta. Akwai magazin, gidan harsasan da ake turawa ta ƙasan mariƙi. Akwai kuma gurbin da ke gindin bututu, inda harsashi ɗaya yake kwanciya yana jiran kunama. Ni maƙogwaro nake ce masa, don a nan abin yake maƙalewa. Mutum ya zare magazin, ya gan shi a hannunsa cike da harsasai, sai zuciyarsa ta ce masa bindiga ta zama ƙarfe. Alhali ɗaya na maƙogwaro. Yawancin fistol suna harba wannan ɗayan ko da babu magazin a jikinsu. Ku rubuta wannan. Malam mai farar hula, na ga ba ka rubutu, to ka haddace.

Ga yadda ake sauke ta. Ka juya bakin zuwa inda ko ta tashi babu wanda zai ji ciwo, kamar tulin yashi. Bangon ɗaki ba ya cikin lissafi, don ba ka san wanda ke kwance a bayansa ba. Yatsanka ya miƙe a jikin ƙarfe, sama da kunama. Ka zare magazin ka ajiye shi nesa. Sannan, ku ji da kyau, sannan ka ja murfin saman nan mai zamewa zuwa baya da ƙarfi, sau biyu ko uku, na maƙogwaro ya faɗo. Ka kulle murfin a buɗe. Ka leƙa maƙogwaro da ido, ka leƙa ramin magazin, ka sa ɗan yatsa ka taɓa. Ka kau da kai, ka sake leƙawa.

Me zai faru idan ka juya tsarin? Ka fara jan murfi, harsashi ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, ka gan shi da idonka, ranka ya yi sanyi. Amma murfin nan da yake komawa gaba sai ya kwaso wani daga magazin ya cusa a maƙogwaro, aikinsa ke nan, don haka aka ƙera shi. Sai ka zare magazin. Yanzu kana riƙe da bindiga ɗurarriya, kuma kana da hujja biyu a kanka cewa babu komai: ka ga harsashi ya fita, ka ga magazin a hannunka. Magazin farko, murfi daga baya. A maimaita. (Jama'a: magazin farko, murfi daga baya.) Yauwa.

Me ya sa na ce a taɓa da yatsa? Saboda ido yana ganin abin da ya saba gani. Wanda ya leƙa maƙogwaro sau 500 yana ganin rami, a na 501 ma ramin zai gani ko da tagulla na ƙyalli a ciki. Akwai kuma ɗan ƙugiyar da ke fizgo harsashi waje, yana iya karyewa ko datti ya cika shi, ka ja murfi har sau uku harsashin na nan bai motsa ba. Shi ya sa sabon shiga bai cika ba ni tsoro ba, shi yana tsoron abin. Gwani ne abin tsoro, wanda hannunsa ke aiki hankalinsa na wani wuri. Gwanin ruwa ai shi ruwa ke ci.

Wajen wanke bindiga ma haka. Wasu nau'o'in, irin su Glock, sai ka ja kunama kafin ka iya kwance su. Ku yi tunani: mutum zaune a kan tabarma ko kujera, tsumma da mai a gabansa, bakin bindiga na kallon cinyarsa ko tafin hannunsa na hagu, kuma dole ya ja kunama. Saboda haka ɗakin da ake wanke bindiga kada harsashi ko ɗaya ya shiga cikinsa.

Idan libarba ce, wato bindigar hannu mai gangar harsasai da ke juyawa, ka buɗe gangar, ka zubar, ka ƙirga ramukan ɗaya bayan ɗaya, 5 ne ko 6, kowanne ka ga haske ta cikinsa. Idan ta farauta ce mai karyewa a tsakiya, a karye ake ɗaukarta, a karye ake miƙa ta. Kuma duk wanda ya miƙo maka bindiga ya ce ya duba, ko mahaifinka ne, ka ce na gode Baba, ka duba da kanka. Ba raini ba ne.

Wani zai ce, ai akwai sakata mai hana bindiga tashi, na sa sakata. Sakata ƙarfe ce, ƙarfe yana cinyewa, kuma riga ko igiya tana iya ture ta ba ka sani ba. Wasu fistol ɗin ma ba su da sakatar da ake turawa da babban yatsa.

Ina muke? Na biyu? A'a, har yanzu muna cikin na ɗaya. To bari in faɗi maganar yatsa da sauri. Kunamar fistol irin ta Glock nauyin kilo 2 da rabi ne kawai ke jan ta. Jikin ɗan Adam kuwa, idan ya razana, ko ya yi tuntuɓe, ko ya damƙi wani abu da ɗaya hannun, yatsun wannan hannun ma sai su dunƙule da kansu, da ƙarfin da ya ninka haka. Babu shawara a ciki. Ka ce tsautsayi ne? Tsautsayin ya sami yatsa a kan kunama ne.

Sai abubuwa uku da ke faruwa a filin harbi. Ka ja kunama ka ji “ƙas”, babu ƙara: kada ka juyo da ita ka leƙa, ka bar bakin a gaba ka ƙirga daƙiƙa 30, don wani harsashin jinkiri yake yi. Ka ji ƙara mai rauni, bindiga ba ta buge ka kamar yadda ta saba ba: ka tsaya cak, mai yiwuwa kan harsashin ya maƙale a bututu, na biyu idan ya same shi bututun ne zai fashe a hannunka. Na uku, harsashin da ba na bindigar ba. Na farauta mai lamba 20 idan ya shiga bindiga mai lamba 12, zamewa yake ya wuce ciki ya toshe hanya, ka ga gurbi a buɗe ka sa na 12 a bayansa. Kada ku haɗa su a aljihu ɗaya. Kunne kuma a toshe shi, ƙarar bindiga ta wuce desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, harbi ɗaya na iya rage ji har abada. A wanke hannu bayan harbi kafin a ci abinci, saboda dalma.

Ajiya, a taƙaice: a sauke, a kulle a akwatin ƙarfe, harsasai a wani akwatin daban, makulli a jikinka. Saman kabad ba maɓoya ba ce, yara sun fi ku sanin abin da ke saman kabad. Kuma a Amurka fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa duk shekara su ne suka harbe kansu. Idan akwai wanda damuwa ta yi wa yawa a gida, bindigar ta bar gidan har ya samu sauƙi.

Takardar shugaba ta iso. Minti bakwai. To, na uku, ko na huɗu ne, duk ɗaya.

'Yancin mallaka ya danganta da ƙasar da kake. Amurka ta rubuta shi a gyara na biyu na tsarin mulkinta tun 1791, kuma a 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta ce haƙƙi ne na mutum ɗaya ya ajiye bindigar hannu a gidansa don kare kai. Birtaniya ta bi wata hanya: bayan an kashe yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane a 1996, a 1997 aka haramta wa farar hula kusan duk bindigogin hannu. Ostareliya, bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a wannan shekarar ta 1996, ta saye bindigogi wajen 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Kowa ya nemi dokar inda yake, ya nemi lasisi. A ƙasashe da yawa riƙe ta ba lasisi laifi ne tun kafin ka harbi kowa.

Amma lasisin mallaka daban, izinin harbi daban. Kotuna a ƙasashe da yawa abubuwa kaɗan suke tambaya. Haɗarin a lokacin yake, ko na jiya ne, ko na gobe? Rai ne ko mummunan rauni ake tsoro, ko dukiya ce kawai? Ƙarfin da ka yi amfani da shi ya yi daidai da barazanar? Kai ka tono faɗan? Mai hankali a matsayinka zai ji tsoron da ka ji? Wasu wuraren suna ƙarawa da cewa in akwai hanyar gudu lafiya, dole ka bi ta. Jihar Florida ta Amurka ta cire wannan sharaɗin a 2005, jihohi da dama suka bi sahu. Ni dai ra'ayina, ko doka ta yafe maka gudu, in akwai ƙofa ka fita. Kuma da zarar maharin ya juya baya yana gudu, kare kai ya ƙare, abin da ya biyo baya ramuwa ce, alƙali kuma da sunanta zai kira ta.

Na'am, Hajiya? A miƙa mata makirufo.

(Tambaya: Malam, idan mutum ba ya son kisa, ba sai ya harba sama don tsoratarwa ba, ko ya harbi ƙafa?)

Allah Ya saka da alheri, Hajiya, wannan ta fi abin da na shirya rufewa da shi. Harbin sama dai, abin da ya hau sai ya sauko, kuma yana saukowa da ƙarfin fasa kai. Ko ƙaramin harsashi, mai lamba .22, yana tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi. A kan wa zai sauka? Ƙa'ida ta huɗu ta karye ke nan.

Ƙafa kuwa, a idon doka harbi harbi ne, ƙarfi mai kisa ne duk inda kika saita. Idan kika ce wa alƙali ba ki ga dalilin kisa ba shi ya sa kika zaɓi ƙafa, da bakinki kin ce haɗarin bai kai na harbi ba. Sannan lokaci. Wani ɗan sandan birnin Salt Lake City a Amurka, Dennis Tueller, ya nuna a 1983 cewa mai wuƙa yana cinye ƙafa 21, wato mita 6 da ɗoriya, cikin kamar daƙiƙa ɗaya da rabi. A wannan ɗan lokacin, hannu na rawa, wa zai saita ƙafar da ke gudu? In ma an same ta, babbar jijiyar jini ta bi ta cinya, idan ta tsinke mutum na iya ƙarewa cikin 'yan mintoci.

Tunda kin kawo mu nan, duk mai bindiga ya kamata ya iya tsayar da jini. A kira agaji da jami'an tsaro. A cusa tsumma mai tsabta cikin raunin, a danna da hannu biyu da nauyin jiki, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Idan hannu ne ko ƙafa kuma jini na tsartuwa, a ɗaure santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, da abu mai faɗi, ban da igiya ko waya. A murɗa har jinin ya tsaya, mai raunin zai yi ihu, kada a sassauta. A rubuta lokacin da aka ɗaure a jikinsa, likita ne zai kwance.

Shugaba, na ga takarda ta biyu. Akwai wani hannu a can kusa da taga, a ba shi, amma ya gajarta.