Gicciyen zinariya a fuskar gawa, da rigimar gemu

Binta: Hoton gicciyen zinariyan nan da aka yi ta turo mana a WhatsApp, Yaya Habu, abin wuya ne ko?

Habu: Ina! Wa zai rataya wannan? Zinariya ce aka daka ta yi falan-falan kamar takardar alewa, almakashi ma yanka ta yake. Ki duba ƙananan hudojin da ke bakin kowane reshe. Nan ake zura allura a ɗinke gicciyen a jikin mayafin da za a rufe wa gawa fuska. Don kabari kawai aka yi shi.

Sani: Wato zinariya aka binne. Kai, duniya.

Habu: Bari in ƙarasa. Aikin Langobardawa ne, wata ƙabilar Jamusawan dā. Sun shigo Italiya a 568, Sarki Alboin na gabansu. A garin Cividale na arewacin Italiya, a 1874, aka tono kabarin da ake cewa na Gisulf ne, wani basarakensu, ga gicciye an bubbuga masa fuskar wani mai dogon gashi. Wasu kuma dabbobi ne a sarƙe, wasu tsabar kuɗin Rumawa aka danna ta bar shaida. Abin da ke burge ni, gicciye a fuska, takobi da garkuwa a gefe. Sun karɓi Kiristanci, amma ba su saki al'adar kakanni ba. Har a kudancin Jamus an samu irinsu.

Binta: Sunan nasu fa? An ce ma'anarsa masu dogon gemu.

Sani: Ashe dangin Yaya Habu ne.

Habu: Ka fara ko? Ai labarin ma na mata ne. Wai su suka ɗaure gashinsu a ƙarƙashin haɓa, gunkinsu Godan ya hango su da asuba ya ce, su wane ne masu dogon gemun nan?

Sani: To Binta, saura ki ɗaure naki mu shiga yaƙi.

Binta: Da wannan kitson? Dubu nawa na biya!

Sani: Ni nawa shekara uku ina shafa masa mai, gashi bakwai ne, na ƙirga.

Habu: Har da na gefen kunne?

Binta: Jama'a, lokaci. Mun ce za mu taɓo sarauniyarsu Teodelinda da cocinta na garin Monza.

Habu: A gurguje, ita Katolika ce, sannan a 774 Sharlaman, sarkin Farankawa, ya...

Sani: Takwas ne, na manta ɗaya.

Binta: Sai mako mai zuwa.