Jawabi Ga Zazzagawa Mazauna Ingila Kan Bashin Ɗalibai

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaba, iyayenmu dattawa, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da haɗuwa.

Da yawa a cikinmu ta Samaru ko Kongo muka biyo. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ita ta ba mu takardar da ta kawo mu nan, kuma a zamaninmu manomi yana iya sayar da amfanin gona ya biya wa ɗansa rajista. Yau abin ya fi ƙarfin malamin firamare. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 makarantu suka ƙara kuɗi, yaron da ke cikin birni kuwa sai ya lissafa kuɗin mota daga Ƙofar Doka zuwa Samaru kafin ya san ko zai je lacca ranar.

Akwai asusun NELFUND na gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu, wanda Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokarsa a Afrilun 2024. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ɗalibin da ya nema kuma yana samun naira 20,000 duk wata. Sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Babu kuɗin ruwa a ciki. Wannan nake so mu riƙe da kyau, domin akwai iyayen da suka hana 'ya'yansu nema don tsoron riba, har yaro ya ajiye karatu ya koma gida. Mu da ke nan mun ga yadda bashin karatu ke tara ruwa a kan yaranmu, to na gida ba irinsa ba ne. Wasu kuma kunyar bashin suke ji, alhali bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Sai dai kada mu ɗauka an gama. Naira 20,000 ba ta kama ɗaki a Samaru, gadajen ɗakunan kwanan ɗalibai kuma ba sa isa. Za ka tarar da yara biyar a ɗaki ɗaya, kwaki da ƙuli-ƙuli safe da dare, ga jarrabawa a gaba. 'Yan mata ne suka fi saurin faɗuwa, don idan babu masauki mai aminci uba ba zai bar 'yarsa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Don Allah kowa ya kira gida a makon nan, ya tambayi wa ke da lambar JAMB da NIN da BVN amma bai cike fom ɗin neman bashin NELFUND ba, a zaunar da shi ya cike. Ina kuma roƙon shugabanni mu ware wani kaso daga kuɗin wata-wata don biyan hayar ɗaki ga marayu da 'yan mata, ko a Samaru suke ko a kwalejin Nuhu Bamalli. Takarda tana wurin ma'aji, wanda ya yarda ya sa sunansa kafin mu tashi.

Allah Ya saka da alheri. Wassalamu alaikum.