Amsoshin Tambayoyinku: Tsallake Iyaka da Babur

Mai gabatarwa: Masu sauraro, assalamu alaikum. Lokaci ya matse mu, ga saƙonni jibge. Tare da ni akwai baƙonmu, tsohon makaniken babura daga Fagge, wanda ya sha hawa babur zuwa Maraɗi da Damagaram. Malam, barka da zuwa.

Baƙo: Barka kadai.

Mai gabatarwa: Wani daga Kurna yana tambaya, wai Boxer ɗinsa zai iya kai shi Kwatano?

Baƙo: Zai kai shi, in dai bayansa zai jure. Baburin ba ya gajiya kamar mai shi. A canza baƙin mai kafin a tashi, a duba sarƙa, a ɗauki tiyub da filogi da wayar kuloci. Ni wata rana bayan Jibiya wayar kuloci ta tsinke min, ba gida gaba ba gida baya, sai da na tura shi har wani ƙauye, takalmina ma...

Mai gabatarwa: Malam, a bar takalmin tukuna. Ga wata daga Gwale, ta ce mijinta na son ya ɗauke ta a baya har Yamai. Hajiya, ki hau mota ku haɗu can. Ra'ayina ke nan.

To, ga wadda ta fi yawa, mutum fiye da goma sun aiko ta: wace takarda ake buƙata kafin a tsallake iyaka? Ku ɗauko biro.

Baƙo: Da fari fasfo, sai katin rigakafi mai launin rawaya, wanda ke nuna an yi maka allurar shawara. Sai lasisin tuƙi, kuma gara ka yi na ƙasa da ƙasa. Sai takardun baburin, da sunanka a kai. Nan ake yawan faɗuwa. Mutum ya sayi babur hannu na uku, takarda na ɗauke da sunan wani, ya isa iyakar Kwangwalam jami'i ya ce na waye wannan?

Mai gabatarwa: Kun ji ko? Sunan da ke kan fasfo shi ne zai kasance kan takardar babur. Ba sunan yayanka ba.

Baƙo: Sai inshorar ECOWAS, katin nan ruwan ƙasa, da ke biyan wanda ka buge a wata ƙasa. Kuma kwastam na can za su ba ka takardar shigar da babur na wucin gadi, da wa'adi a jiki. Ka adana ta, ranar fita za su nema. Ka yi kwafin kowace takarda, ka naɗe a leda.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita: fasfo, katin rawaya, lasisi, takardun babur da sunanka, katin inshora, takardar kwastam. Kuma kada a manta, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka a tambayi waɗanda suka tsallaka kwanan nan halin da iyaka ke ciki. Akwai yankunan Nijar kamar Diffa da Tilaberi da aka taɓa haramta hawa babur saboda tsaro. Ba wurin yawon buɗe ido ba ne.

Wani ɗalibi daga Kabuga yana tambaya ko da gaske wani ya taho daga Landan a babur. Da gaske ne, Kunle Adeyanju, a 2022, har Legas, don yaƙi da shan inna. Amma ka gama karatu tukuna.

Wani kuma yana tambaya kan mai, Malam.

Baƙo: Ai ni abin da na fi tsoro dare ne. Rami, jaki, tirela mai fitila ɗaya. Ka tashi bayan asuba, la'asar ta same ka a masauki. In hunturu ne hazo zai rufe maka hanya, ka ɗaura rawani ƙarƙashin hular kwano.

Mai gabatarwa: Mai fa ya tambaya!

Baƙo: Af! In tanki ya kai rabi ka cika. Na kwalba a bakin hanya ka tace shi da ƙyalle. Ka riƙe kuɗin saifa a hannu, ƙanana.

Mai gabatarwa: Ga injiniya can yana ɗaga min hannu. Mai tambaya kan tayoyi daga Hotoro, taka sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.