Titi na 125 a Harlem: Inda Kawuna Ya Taɓa Kasa Kaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar nan, jirgin ƙarƙashin ƙasa ne mai lamba 2, shi ya kwaso ni daga Bronx, yanzu ya sauke ni. Bari in hau matakalar mu fita sarari. Kai, akwai sanyi yau! Hannun da ke riƙe da wayar nan har ya fara ƙandarewa.

To, ga mu. Nan ne mahaɗar titi na 125 da Lenox, wanda aka raɗa wa sunan Malcolm X, ɗan gwagwarmayar nan na baƙaƙen fata, a unguwar Harlem ta birnin Niyok. In kun ji ana cewa cibiyar baƙaƙen fatar Amurka, to nan ake nufi. Da yawanku kun ce in nuna muku yadda ake tayar da kasuwar da ta mutu. Na zaɓi nan ne don ina da ɗan uwa a cikin labarin. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mutumin Maraɗi, a bakin titin nan ya fara neman abinci a Amurka, tun ina rarrafe. In mun gama zagaye za mu je mu gaishe shi.

Bari in juya muku kyamara. Kun ga ginin gilashin can na kusurwa? Whole Foods ke nan, kantin kayan abinci na masu hannu da shuni, an buɗe shi a 2017. Kawu ya ce a zamaninsu duk kewayen nan tebura ne, bakin titi ba masaka tsinke. 'Yan Nijar, Hausawa da Zabarmawa, 'yan Senegal, 'yan Mali, 'yan Gambiya, ga kuma baƙaƙen Amurka su kansu. Atamfa, kente, tsakiya, turaren wuta, man kaɗanya, kaset, huluna. A 1992, da aka yi fim kan rayuwar Malcolm X, hula mai harafin X ta yi kasuwar da har yau in Kawu yana ba da labarinta sai ya gyara zama. Motocin 'yan yawon buɗe ido su tsaya, Turawa da Japanawa su sauko, kafin la'asar tebur ya koma wayam.

Amma kada ku ɗauka Harlem ɗin lokacin aljanna ce. Tun shekarun 1970 unguwar ta shiga wani hali. Masu gidaje suka riƙa gudu suna barin gine-gine saboda haraji ya fi ƙarfin kuɗin haya, gwamnatin birni ta wayi gari da tarin kangaye a hannunta. Hodar iblis ta shigo a shekarun 1980 ta ƙarasa abin da ya rage. Bankuna ba sa ba da rance a nan, manyan kantuna ba sa zuwa. Mai son sayayya ta kirki sai ya hau jirgi ya bar unguwa, kuɗinsa ya bi shi. Waɗanda suka hana titin nan zama kufai su ne ƙananan masu shaguna da 'yan tebur.

Sai ga watan Oktoba na 1994. Magajin gari Rudy Giuliani ya ba da umarni, aka wayi gari ɗaruruwan 'yan sanda sun cika titin, aka hana kowa kasa kaya. Masu shaguna sun daɗe suna kuka cewa 'yan tebur sun tare musu ƙofa, ba sa biyan haya, ba sa biyan haraji. Kuma tsakani da Allah, yawancinsu ba su da lasisi. To amma ina za su samo shi? Tun 1979 birnin ya ƙayyade lasisin sayar da kaya a titi a kan 853 kacal, aka yi shekara da shekaru a haka, a gari mai mutum sama da miliyan 7. An kulle ƙofa an ce don me ka shigo ta taga.

Mu taka. Kafin mu yi yamma, ku dubi dogon benen can ta gabas, lamba 55. A nan Bill Clinton ya kama ofis a 2001 bayan ya sauka daga mulki. Ranar da ya tare an yi kiɗa an yi rawa a titi. Wasu kuwa tun a ranar suka ce shi ke nan, haya ta tashi.

Yanzu ga inda kuɗin ya fito, don shi ne gundarin maganar. A 1994 ɗin dai, gwamnatin Clinton ta zaɓi wasu unguwannin talakawa ta ce za ta ba su tallafi na musamman, kuma ɗan majalisar Harlem, Charles Rangel, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata aka yi dokar. Gwamnatin tarayya ta sa dala miliyan 100, jiha ta sa 100, birni ya sa 100. Miliyan 300 ke nan, kaso mafi tsoka na arewacin Manhattan, sauran na kudancin Bronx. Ga kuma sassaucin haraji ga kamfanin da ya ɗauki 'yan unguwa aiki. Ba raba kuɗin aka yi a buhu ba. Dabarar ita ce, ɗan kasuwa yana tsoron ya zuba dukiyarsa a inda banki ma ke tsoro, sai hukuma ta ce ga rance mai sauƙi, ga fili, mu mun fara sa ƙafa a ruwan, kai biyo mu. Dalar gwamnati ɗaya ta jawo dalolin 'yan kasuwa da yawa. Kamar dai mai kamun kifi ne, da ɗan ƙaramin tana ake jawo babban tarwaɗa.

Su ma masu gine-ginen titin sun kafa ƙungiyarsu tun 1993. Kowa yana biyan wani ƙarin kuɗi a kan harajinsa, da shi ake ɗaukar masu shara, ake sa fitilu, ake kula da tsaro. Ga ɗaya daga cikin masu sharar can da kwandonsa mai taya. Wanda ya san yadda 'yan layi ke haɗa kuɗin maigadi a Kantin Kwari ya gane abin, sai dai nan doka ce, ba a cewa yau ban yi ciniki ba.

Dakata motar asibiti ta wuce... Yawwa.

Wannan sabon ginin na hannun dama, da garejin ajiye motoci ne na gwamnati. Yanzu hedikwatar National Urban League ce, tsohuwar ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata. A ƙasa ga Target, ga Trader Joe's, a sama kuma gidaje kusan 170 masu rangwamen haya. Fili na hukuma, kuɗi na haɗaka, haya daga manyan kantuna. Ni kaina nan nake sayen shinkafa da mai wani lokaci, ba zan yi muku ƙarya ba. Matan unguwar nan da suka yi shekaru suna hawa bas don sayen kayan miya masu kyau, ba wanda zai ce musu wannan ba ci gaba ba ne.

Ga dogon ofishin gwamnatin jiha mai sunan Adam Clayton Powell, tsohon ɗan majalisar Harlem, ga mutum-mutuminsa yana taku, iska na kaɗa masa kwat. Tsallaken titi kuma farin ginin can shi ne tsohon otal ɗin Theresa, inda Fidel Castro ya sauka a 1960, Malcolm X ya je ya same shi. Yanzu ofisoshi ne.

Bari in tsaya wajen wannan bawan Allah, in nuna muku wani abu. Ba ya son a ɗauki fuskarsa, hannunsa kawai za ku gani. Kun ga ashe 'yan tebur ba su ƙare ba, sun dawo, sai dai a ɗarare suke. Dubi yadda ya jera kwalaben turare, kowace da 'yar takarda an rubuta suna da biro. Ga sabulun salo, ga man kaɗanya a roba, rawaya da fari, yana yanka shi da wuƙa kamar mai yanka alewa. Ku lura da ƙafar teburin, mai naɗewa ce, kuma jakar tana buɗe a ƙasa. In ya hango masu duba lasisi, kafin ka ce kwabo ya tattare. Ɗazu na leƙa wani kanti a titin nan, na ga man kaɗanyar nan dai, an zuba shi a 'yar kwalba mai ado, an zana taswirar Afirka a jiki, kuɗinsa ya ninka na teburin nan ban san sau nawa ba. Kaɗanyar dai ita ce, wataƙila ma mace ɗaya ta tsinto ta.

Ga Apollo can, ga jan rubutunsa. Tun 1934 gidan nan ke fito da mawaƙa baƙaƙen fata. Kusa da shi tsohuwar silimar Victoria ce, ta yi shekaru a rufe a hannun gwamnatin jiha. Sun bar fuskar tsohon ginin, suka ɗora bene sama da hawa 25 a bayansa: otal, gidajen haya, da ƙananan zaurukan wasa. Irin wannan tsayi sai bayan 2008, lokacin da gwamnatin magajin gari Michael Bloomberg ta sauya dokar gine-ginen titin, aka yarda a yi sama, kuma wanda ya ware wa masu fasaha wuri a gininsa a ƙara masa hawa. An sha rigima a kan dokar nan, 'yan unguwa sun yi ta ihu a zauren majalisar birni ranar ƙuri'a.

A shekarar ce kuma aka tashi Bobby Robinson, dattijon da ya buɗe shagon faifai a 1946, wanda ake cewa yana cikin baƙaƙen fata na farko da suka mallaki shago a titin nan. Sama da shekara 60 yana nan, ya ga tarzoma, ya ga zamanin hodar iblis, bai gudu ba. Da titi ya yi daraja aka sayar da ginin, aka ce ya kwashe. Wannan ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ku dubi ginin tsohon kantin Blumstein can tsallake. A 1934 baƙaƙen fata suka ƙaurace wa kantin, suka ce ba za su sayi kaya a inda ba a ɗaukarsu aiki ba, har sai da aka ɗauke su. Yau aikin ya samu, shiga kowane kanti za ka ga yaran unguwa a kan na'urar kuɗi. Amma tambayi wa ke da ginin, wa ke da kantin, ina ribar ke kwana. Rancen miliyoyi ya fi sauƙin samu ga mai miliyoyi. Mai gyaran takalmi da mai ɗinki ba su da lauyan da zai cika musu takardu.

Wancan na kusurwar titin Frederick Douglass shi ne Harlem USA, wanda ya fara buɗe ƙofa a 2000. Kusan dala miliyan 11 na rancen asusun nan aka sa a ciki, sauran na 'yan kasuwa da bankuna. A ciki akwai silimar da ke ɗauke da sunan Magic Johnson, ɗan ƙwallon kwando. Daga shi ne sauran suka ga ashe akwai kuɗi a Harlem. Can gabas kuma akwai labarin Pathmark, babban kantin abinci da wata ƙungiyar cocin Abyssinian ta yi faɗi-tashi aka buɗe a 1999. Da ƙasa ta yi tsada aka sayar da filin a 2014, shekara ta zagayo kantin ya rufe. Ba zan kai ku can ba, ƙafata ta gaji, kuma la'asar ta kusa.

Na yanke, mun gangaro titi na 116. Nan Faransanci da Wolof za ka fi ji, shi ya sa ake ce masa Ƙaramar Senegal. Ƙamshin dibi ne wannan, gasasshen naman rago, Allah ya sa in daure. Ga koriyar ƙubbar Masallacin Malcolm Shabazz. Masallacin nan ne ya karɓi 'yan teburin da aka kora a 1994, aka ba su rumfuna a kasuwar da ke ɗauke da sunansa, kowa yana biyan kuɗin rumfa, ba mai korar ka. Titi tara ne kacal tsakanin nan da inda muka fito, amma mai saye ba ya ƙirga titi, inda ƙafa take nan yake bi. Wasu sun jure, wasu sun koma tuƙin tasi, wasu sun tattara sun koma gida.

Ga rumfarsa. Salamu alaikum! Kawu, barkanku da yamma, ya sanyi?

“Lafiya lau, ɗana. Mi kake ɗauka kuma da wayar taka?”

Kawu, mutanen gida nake nuna wa titi na 125. Na ce musu nan kuka fara.

“To ka nuna musu wajen da kantin masu kuɗin nan yake? Nan teburina yake, dab da fitila. Wani Bazabarme a damana, wani ɗan Gambiya a haguna. Ranar Asabar ko zama ba mu yi.”

Kuna jin haushi in kun wuce wurin?

“Haushin mi? Titi ya yi kyau, dare ma mace na tafiya ita kaɗai. Da can harbi muke ji kamar ana fasa gyaɗa. Abu guda dai, da suka zo rabon shaguna ba wanda ya tambayi su wa ke nan lokacin da babu kowa.”

Ga shi yana gyara shadda a kan igiya, ga 'yar hitarsa a ƙarƙashin kujera, ga butar alwala. Tun safe, in ji shi, mutum uku suka shigo: biyu sun ɗauki hoto, ɗaya ta taya zobe ta ce za ta dawo.

“Kashe abin nan ka kama mini ƙyauren mu ja, an kusa tada salla. In mun fito ka sai mana shayi wajen 'yan Senegal, kai ne mai albashi.”

To jama'a, kun ji. Bari in sa wayar a aljihu, ƙyauren nan sai da hannu biyu.