Minti Ashirin Ba a Buɗe Baki Ba

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da yamma, kuma na gode da kuka jure zafin nan kuka zauna.

Ɗazu a bakin ƙofa wata ɗaliba ta tare ni, ta ce, "Malam, na saurari abin da ka turo mana, na jira har minti shida, ban ji an fara waƙar ba." Na ce mata, 'yata, ai tun daƙiƙar farko aka fara. Maganarta ita ce tushen laccarmu, domin ba ita kaɗai ke jin haka ba. Kunnenmu ya saba da cewa kiɗa jaki ne, magana ce kayan da aka ɗora masa. Ko kalangu, idan babu mai waƙa, magana yake yi. Wanda ya san taken zai faɗa maka abin da aka ce. To, kiɗan da za mu tattauna yau, wato dogon kiɗan jita na zamani wanda babu mai waƙa a cikinsa, babu wata magana ɓoye a ƙarƙashinsa. Sautin da ka ji shi ne saƙon.

Bari mu fara da tsawon. Wa ya yanke cewa waƙa minti uku ce? Faifai ne. Tsohon faifan garmaho, mai juyi 78 a minti, kimanin minti uku yake ɗauka a kowace fuska. Gidajen rediyo suka saba da hakan, masu sauraro suka bi. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai wanda fuska ɗaya ke ɗaukar minti ashirin da ɗoriya. Ku riƙe wannan adadin, za mu dawo kansa.

Kiɗan nan jijiya biyu gare shi. Ta farko a Birmingham take, garin masana'antu a Ingila. Wani saurayi mai suna Tony Iommi, yana ɗan shekara 17, injin yankan ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiyar jita da shi. Bai haƙura ba. Ya narka roba ya yi wa yatsun hula, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya kuma, wajen 1971, ya sassauta su don rage zafin dannawa. Tsirkiya idan ta yi sako-sako muryarta kauri take yi, duk mai gurmi ya san wannan. Wannan kaurin ya zama alamar ƙungiyarsa, Black Sabbath, da salon da ake kira metal. Shekaru ashirin bayan haka wani mai jita, Dylan Carlson, a jihar Washington ta Amurka, ya ɗauki kaurin ya zubar da sauran. Faifansa Earth 2 na 1993 kiɗa uku ne kacal, amma ya haura minti saba'in, ba mawaƙi, ganga ma kusan babu. Dabarar ita ce ka kaɗa tsirkiya ka tsaya dab da lasifika. Ƙarar da ta fito sai ta sake girgiza tsirkiyar, jita ta kama, ta mayar wa lasifika, haka abin zai yi ta zagayawa ba ya mutuwa. A zauren wasa a ƙirji ake jinsa kafin kunne.

Jijiya ta biyu ita ce wadda ɗan jarida Simon Reynolds ya yayata sunanta a 1994, post-rock, wato abin da ya biyo bayan rock, kiɗan Turawa na jita da ganga. Kayan kiɗan ba su canza ba, jita da ganga ne, amma an bar tsarin baiti da amshi. Daga nan aka samu ƙungiyoyi irin su Tortoise a Chicago, Mogwai a Glasgow, Mono a Tokyo, sannan Pelican da Russian Circles da suka ɗinke jijiyoyin biyu wuri guda. Ba zan tsaya kansu ba. Ƙungiya ɗaya nake so mu zauna a kanta, wadda aka kafa a Montreal ta Kanada a 1994, mai suna Godspeed You! Black Emperor.

Su wajen takwas ne zuwa tara a kan dandali: masu jita uku, masu babbar jita mai kauri biyu, masu ganga biyu, da mace mai gogen Turawa. Babu wanda ke tsaye a gaba. Masu jitar a zaune suke, kansu a sunkuye, fitilu a kashe, majigi na haska tsofaffin hotuna a bango, ana farawa da kalmar Turanci mai nufin "fata" tana rawa a kan allo. Wani lokaci mai jita zai ɗauki sukudireba ya riƙa goga ta a kan tsirkiya, sai sautin ya fito kamar kukan mutum daga nesa. Ɗakin da suka fara aiki yana gefen layin dogo ne, kuma a cikin jakar faifansu na farko, na 1997, sun saka kwabo ɗaya da jirgin ƙasa ya taka ya baje. Kowane mai saye da nasa kwabon. Wannan ya ishe ku sanin irin mutanen.

Faifansu na shekarar 2000 kiɗa huɗu ne, kowanne kimanin minti ashirin. Kun tuna adadin? Kowane kiɗa fuska ɗaya ta faifai, sai ka tashi ka juya da hannunka.

Yanzu ga yadda ake gina shi. Jita ɗaya za ta ɗauko gajeren zance na sauti, huɗu ko biyar, ta yi ta maimaitawa a hankali. Goge ya shigo. Ganga ta soma kamar takun mai tafiya. Ba a canza zancen ba, ƙara masa nauyi ake yi, kamar yadda hadari ke haɗuwa a gabas: iska ta tsaya, gari ya yi duhu, kaji su shige akurki, kowa ya san abin da ke tafe amma bai zo ba tukuna. Idan ruwan ya ɓarke a minti na goma, abin da ya sa ya ratsa ka shi ne minti taran da ka yi kana jira. Na gwada wannan da ɗalibaina. Na tsallake da su kai tsaye zuwa wurin ƙarar, suka ce hayaniya ce kawai. Washegari muka saurara daga farko, da aka iso wurin nan ɗin dai, ajin ya yi tsit, wani yaro a baya ya dafe kansa. Sautin bai canza ba ko kaɗan.

Kada in yi muku ƙarin gishiri, ba duk mai wannan salon ne ya iya ba. Bayan 2000 masu kwaikwayo sun yi yawa: a fara a hankali, a yi ƙara, a sauka, shi ke nan. Kana jin minti biyu ka san ƙarshen. Irin wannan da yawa ya ƙare a bayan tallace-tallace, kuma yana ba ni takaici, domin ya sa mutane na zaton tsawon ado ne.

Wani zai ce, kiɗan da ba ya magana, ina ruwansa da halin da duniya ke ciki? Mutanen Godspeed suna saka muryoyin da suka naɗo a titi: mai wa'azi, ko wani dattijo da ke tuna lokacin da jama'a ke kwana a bakin teku a New York ba tare da fargaba ba. A 2003, lokacin da ake shirin yaƙin Iraƙi, an tsare su a wani gidan mai a jihar Oklahoma ta Amurka bisa zargin ko 'yan ta'adda ne, aka yi musu tambayoyi aka sake su. A 2013 sun ci kyautar Polaris, wadda ake ba faifan da ya fi fice a Kanada, dalar Kanada 30,000. Ba su je bikin ba, suka ce za a yi amfani da kuɗin wajen sama wa fursunonin lardin Quebec na Kanada kayan kiɗa. A 2024 kuma suka ƙi ba faifansu suna. A madadinsa suka rubuta kwanan wata, 13 ga Fabrairu 2024, da adadi, 28,340, wato yawan waɗanda aka ba da rahoton an kashe a Gaza zuwa ranar. Kafin allura ta taɓa faifan ka riga ka san makokin wa ake yi.

'Yata mai tambaya, kina ina? Yauwa. Matso nan gaba, kusa da lasifika. Malam mai na'ura, kashe mana fitilun gefen nan, ka kunna kiɗan farko na faifansu na shekarar 2000. Minti ashirin da biyu ne. Ina roƙon kowa ya kifa wayarsa, tambayoyi sai an gama.