Ƙaramin Amfilifaya na Makirfo: Wanne Za Ka Saya?

Binta: Assalamu alaikum masu sauraro, daga Kofar Kaura a birnin Katsina muke zo muku. Malam Lawal, kullum ana aiko mana da koke guda: mutum ya sayi makirfon Shure SM7B, ya jona, murya ta fito ƙasa-ƙasa. In ya murɗa maɓalli har ƙarshe, sai "shuuu" ta cika kunne.

Malam Lawal: Halinta ne, Binta. Tana son a ɗaga ta da kusan desibel 60, wato ma'aunin ƙarfin sauti; ƙananan akwatunan sauti masu haɗa makirfo da kwamfuta kuwa kafin su kai nan sun fara tsiwa. Shi ya sa ake sa mata ɗan amfilifaya a tsakiyar waya. Cloudlifter CL-1 na Amurka yana ƙara har 25, FetHead na ƙasar Holan 27, DM1 Dynamite kuma 28.

Aminu: Ashe Dynamite ya cinye gasar ke nan, Malam?

Malam Lawal: A'a, ƙanena. Desibel 3 ba abin ɗaga hankali ba ne. Ni jiki nake dubawa. FetHead kamar yatsa yake, kai tsaye za ka cusa shi a gindin makirfo. Cloudlifter akwati ne, sai ka nemo waya ta biyu, kuma ya fi tsada nesa. Wanda ke yawon ɗaukar tafsiri masallaci-masallaci, wallahi FetHead zan ce ya saya.

Binta: Batir fa?

Malam Lawal: Babu. Dukkansu da wutar fantom mai bolt 48 suke aiki, wato wutar da ke biyo wayar makirfo daga miksa ko akwatin sauti. Su suke shanye wutar, ba sa miƙa ta gaba, don haka makirfon kondensa, irin wadda ita ma sai da wannan wutar take aiki, ba za ta ko motsa ba a bayansu.

Aminu: Ni abin da ke ci mini rai, janaretan maƙwabta da hon ɗin Keke Napep. Zai rage su?

Malam Lawal: Ko kusa. Duk abin da makirfo ta ji, tare zai ɗaga su. Wannan sai labule mai kauri, ka kuma matso da bakinka kusa. Sannan ka fara duba akwatinka tukuna: Scarlett 2i2 samfuri na huɗu yana kai desibel 69 shi kaɗai.

Binta: Irin sa gare ni.

Malam Lawal: To riƙe kuɗinki, ki sayi labule.