Wa Ya Taɓa Rigata? Lacca Kan Masu Katse Mana Hanzari

(Wani malamin makarantar Littafi Mai Tsarki ne ya gabatar da wannan lacca a taron zumuntar masu jin Hausa a Garwa, arewacin Kamaru. An rubuto ta daga muryar da aka ɗauka a waya.)

Salama a gare ku, 'yan'uwa. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, da iyayenmu mata da kuka yi dabara kuka zauna inda iska ke shigowa, ina gaishe ku da zafin nan na watan Afrilu. An ba ni minti 40 in yi magana kan abin da ya kamaci mai bin Yesu idan an katse masa hanzari cikin harkokinsa na yau da kullum. Na shirya abubuwa huɗu.

Kowa a nan ya san abin da ake nufi. Tela ya ɗora ƙafa kan keke, saura kwana biyu biki, sai ga ɗan garinsu ya sauka daga motar Marwa ba tare da ya aiko ba. Malamar makaranta ta baza takardun jarrabawa za ta duba, sai maƙwabciya ta yi sallama da ido jajir, da ganinta ka san ba aron turmi ya kawo ta ba. Kana tsakar addu'a waya ta yi ƙara. Ba wanda ya isa ya hana irin waɗannan faruwa, kuma a ƙasarmu, inda baƙo ba ya neman izini kafin ya zo, wanda ya ce zai hana ya shirya zama shi kaɗai.

Abu na farko, ku buɗe Markus sura 5, daga aya 21. Yesu ya haye teku cikin jirgi, taro ya kewaye shi a bakin gaɓa, sai ga Yayirus, ɗaya daga cikin shugabannin majami'a, mutumin da ake gyara zama in ya shigo, ya zube a gabansa yana roƙo domin 'yarsa tana bakin mutuwa. Luka ya ƙara mana cewa ita kaɗai ce 'yarsa, shekarunta kuma wajen 12. Yesu ya tashi ya bi shi. Duk wanda ke cikin taron ya san inda aka nufa, ya kuma san cewa tafiya ce ta gaggawa.

A cikin wannan turmutsutsu akwai wata mace wadda ba a faɗa mana sunanta ba, shekara 12 tana fama da zubar jini. Markus ya ce ta sha wahala a hannun masu magani da yawa, ta kashe duk abin da ta mallaka, ciwon kuwa sai ƙaruwa yake yi. Da Luka ya zo ba da labarin, sai ya taƙaita ya ce ba wanda ya iya warkar da ita, kun kuwa san Luka likita ne, ya rufa wa abokan sana'arsa asiri. (Dariya.) Ma'aikatan jinyar da ke nan ku yi haƙuri, a rubuce yake. To, bisa ga Littafin Firistoci sura 15, daga aya 25, mace mai irin wannan ciwo marar tsarki ce muddin jinin yana zuba, gadon da ta kwanta da abin da ta zauna a kai duk sun ƙazantu, wanda ya taɓa su kuma sai ya wanke tufafinsa ya yi wanka ya jira faɗuwar rana. Ku lissafa shekara 12 a haka. Shi ya sa ta ɓullo ta baya, ba ta ce uffan ba, ta taɓa rigarsa kawai.

Ga wurin da nake so ku buɗe kunne. Aya 29 ta ce nan take jinin ya tsaya, ta kuma ji a jikinta ta warke. Wato magana ta ƙare. Da Yesu ya ci gaba da tafiya, da matar ta koma gida lafiya lau, da Yayirus bai yi asarar ko minti ɗaya ba, da kowa ya sami biyan bukata. Amma ya tsaya, ya juya, ya ce wa ya taɓa rigata. Almajiransa ma abin ya ba su mamaki, suka ce kana ganin jama'a na matsa ka ta ko'ina, sa'an nan ka ce wa ya taɓa ka? Luka ya tona mana cewa Bitrus ne mai wannan magana, ba wanda zai yi mamaki. Yesu bai kula su ba, ya ci gaba da dube-dube har matar ta fito tana rawar jiki, ta durƙusa, aya 33 kuma ta ce ta faɗa masa dukan gaskiya. Iyayenmu mata, ku ne shaida: macen da ta yi shekara 12 tana ciwo, in aka ce ta faɗi dukan gaskiya, minti nawa za ta ɗauka? (Dariya.) Za ta fara daga mai maganin farko, da abin da ya karɓa, da na biyu, da dangin da suka daina zuwa. Yesu kuwa yana tsaye yana ji.

Yanzu ku ɗauka ku ne Yayirus. Ɗiyarku tana shure-shuren mutuwa, kun samo wanda zai cece ta, kun kama hanya, sai a tsaya sauraron wata wadda a majami'arku ma ba ta da wurin zama. Ni dai na san abin da zuciyata za ta faɗa, ba kuma zan maimaita shi a cikin coci ba.

Don me ya tsaya? Ni a fahimtata, jikinta ya warke a ɓoye, amma sunanta bai warke ba. Da ta koma gida shiru, da maƙwabta sun ci gaba da janye tabarma in ta shigo, da ita kanta ta ci gaba da jin kamar sato lafiyar ta yi. Sai ya kira ta a gaban jama'a, a gaban shugaban majami'a kansa, ya ce mata 'yata, bangaskiyarki ta warkar da ke, ki sauka lafiya. Yayirus ya zo yana kuka saboda 'yarsa, sai ya ji Yesu yana kiran wannan mata 'yarsa shi ma. Ɗaya shekara 12 tana raye, ɗaya shekara 12 tana ciwo, bai kuwa ce wannan ɗiyar babba ce, waccan kuma ta jira ba.

Kada mu shafa wa labarin zuma. Yana cikin magana aka zo daga gida aka ce yarinyar ta rasu, kada a ƙara wahalar da malam. Tsayawar nan ta ci rai. Yesu yana da ikon shiga ɗaki ya kama hannunta ya ce talita kumi, wato yarinya ki tashi, ta tashi, har ya ce a ba ta abinci. Ni da ku ba mu da wannan iko, saboda haka in mai babur ya ɗauko mace mai naƙuda zuwa asibiti, kada ya tsaya gaisuwa a Yelwa ya ce wai koyi da Yesu yake yi. Abin da za mu ɗauka shi ne ma'aunin da ya ƙi amfani da shi. Mu muna da namu ma'auni, kuma kowa ya san shi. In babban mutum ya kira mu muna tsakar sujada, za mu sunkuya mu fita da waya a kunne muna cewa ranka ya daɗe. In ɗanmu ya ja mana riga muna lissafin kuɗin auduga, sai tsawa. Ashe mun iya tsayawa sarai, zaɓen wanda za mu tsaya masa muke yi. Ku duba sura 10 ta Markus ɗin nan: aka kawo yara, almajirai suka kwaɓe su, Yesu ya ji haushi ya ce a bar su su zo. A ƙarshen surar, yana fita daga Yariko a hanyarsa ta zuwa Urushalima inda gicciye ke jiransa, makaho Bartimawas ya ɗaga murya daga bakin hanya, mutane da yawa suka ce ya yi shiru, aya 49 ta ce Yesu ya tsaya. Mace marar suna, yara, makaho mai bara. Waɗanda mu muke ce wa a dawo gobe, su ne ya riƙa tsayawa dominsu. Na sake faɗa, su ne ya riƙa tsayawa dominsu.

Ina ganin mai kula da lokaci yana ɗaga mini agogo. Abu na biyu shi ne gaggawa. A 1973 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, John Darley da Daniel Batson, suka buga sakamakon gwajin da suka yi da ɗaliban makarantar tauhidi ta Princeton, wato masu shirin zama fastoci. An ce kowannensu ya je wani gini ya yi ɗan jawabi, wasunsu ma a kan misalin Basamariye mai kirki na Luka sura 10, wanda ya tsaya ya taimaki mutumin da aka yasar a hanya, aka kuma ajiye mutum a lungun da za su bi, yana tari yana nishi. Cikin waɗanda aka ce suna da sauran lokaci, kashi 63 cikin 100 suka taimaka, cikin waɗanda aka ce sun makara kuwa kashi 10 kawai. Akwai wanda ya tsallake mutumin yana sauri ya je ya yi wa'azin Basamariye. Sanin aya bai hana su wucewa ba. Saboda haka wanda ya cika ranarsa maƙil tun asuba, bai bar ko ƙofa ba, ya riga ya yanke shawarar wuce wanda zai tarar a hanya, ko da bai sani ba.

Na huɗu, a'a, na uku ke nan. Ba kowane mai sallama ne Allah ya aiko ba. Nehemiya sura 6: Nehemiya yana kan ginin garun Urushalima, maƙiyansa Sanballat da Geshem suka aiko ya sauko su gana a filin Ono, nufinsu kuwa su cuce shi. Sau huɗu suna aikowa, sau huɗu yana ba su amsa ɗaya, cewa babban aiki yake yi, ba zai sauko ba, aka kuma gama garun cikin kwana 52. Yesu ma ya ƙi. A Markus 1 ya fita da asussuba yin addu'a, Bitrus ya bi sawunsa ya ce kowa na neman ka, ya ce mu tafi garuruwan da ke gaba. A Luka 12 wani ya katse masa koyarwa ya ce a raba musu gado da ɗan'uwansa, ya ce wa ya naɗa ni alƙalinku. Yawancin abin da ke ƙara a wayoyinmu, musamman zaurukan WhatsApp na dangi, filin Ono ne. Ga tambayar da nake yi wa kaina: akwai mutum mai bukata a bayan wannan kira, ko kuwa surutu ne kawai? In mutum ne kuma ba hali yanzu, ka dube shi, ka ce masa bayan la'asar zan zo, sa'an nan ka je. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma fa alkawarin a cika shi.

Sauran ɗayan yana cikin Yakubu 4, daga aya 13, kan masu cewa gobe za mu je gari kaza mu yi ciniki. Ku karanta a gida. Mama, na ga hannunki tun ɗazu.

(Wata dattijuwa daga zumuntar mata: Malam, mun gode. Amma ku maza ne kuke da aikin da ake katsewa. Mu tun asuba, yaro ya kira, miji ya kira, baƙon miji ya zo a ɗora tukunya, a coci ma mu ne masu girkin taro. Yanzu kuma ka ce mu riƙa tsayawa. Mu wa zai tsaya mana?)

(Tafi.)

Mama, Allah ya ƙara girma. Maganarki gaskiya ce, kuma duk abin da na faɗa yau, in aka ɗora shi kan wadda kayanta ya riga ya yi mata yawa, ya zama zalunci. Baƙon da maigida ke karɓa da fara'a yana cewa ɗan'uwa ka kwana, wani ne ke daka, wani ne ke ɗebo ruwa, ba kuwa shi ba ne. Lada yake nema da gumin wani. Littafi bai yi shiru a kan wannan ba. A Fitowa 18 Yetro ya ga surukinsa Musa zaune tun safe har yamma jama'a na tsaye a kansa, bai yaba masa ba, ya ce abin da kake yi ba shi da kyau, za ka gajiyar da kanka da mutanen nan, ka naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma. A Ayyukan Manzanni 6 da aka yi gunaguni cewa ana manta wasu gwauraye wajen rabon abinci na kullum, manzanni ba su ce a ƙara haƙuri ba, suka sa aka zaɓi mutum bakwai, kuma ku duba sunayensu, Istifanas da Filibus da sauran, duka maza ne aka ɗora wa hidimar abinci. (Hayaniya daga ɓangaren maza.) Ku yi haƙuri, aya 5 ce, ba ni na rubuta ba.

Saboda haka maigida, in ka ga matarka ta buɗe Littafinta ko ta kishingiɗa da rana, yaro kuma ya fara kuka, kai ne aka katse wa hanzari, tashi ka ɗauke shi. In ka gayyato baƙo, jarkar ruwa tana jiran ka. Baba Fasto, ina roƙo a gaban jama'a: taron gunduma mai zuwa, a rubuta sunayen maza cikin masu itace da wanke tukwane, domin iyayenmu su zauna su ji wa'azi daga farko har ƙarshe. Dattawa, magatakarda yana nan, a sa shi cikin abin da za ku tattauna ranar Asabar. Mai agogo, ga abin maganarka.